Sawun Ƙafar Bitrus

Ku 'yan matan da kuke tsayawa a bakin teburina kuna cewa, "Anti, wannan ai yankan kwali ne da shafa gam, sati ɗaya mun iya," dominku na zauna na rubuta wannan. A aji huɗu na firamare na tsaya, don haka in maganar ta karkace ku bi ta a hankali. Sunana Rifkatu, amma a unguwarmu nan Zuru Maman Alheri ake ce mini. Shekara takwas ke nan ina yin kati da hannu.

Aikin farko da Mama Tabita ta sa ni ninki ne. Mama Tabita matar tsohon soja ce, mijin ya rasu, a unguwar Rikoto take zaune, ita ta koya mini sana'ar. Ta zuba mini guntayen kwali cike da faranti ta ce in ninke kowanne biyu. Na ce a raina, wannan ma aiki ne? Kafin ta gama wanke kwanoni na ninke su duka. Ta zo ta ɗauki ɗaya, ta juya bayansa ta nuna mini. Duk ya tsattsage kamar faso a diddige.

"Kwali yana da hanyarsa," in ji ta. "Ki lanƙwasa shi kaɗan ta nan, ki sake ta nan. Inda ya bi ki ba gardama, nan ce hanyar. Ta ɗaya wajen karyewa zai yi."

Sati biyu na yi ban taɓa almakashi ba. In nemo hanya, in ɗora rula, in ja layi da bayan cokali, in ninke, in murza kwalba a kai har ninkin ya kwanta. Sai bayan nan ta bar ni na riƙe reza.

Kayan aikin ba su da yawa. Almakashi biyu, babba na kwali, ƙarami na ƙyalle, kuma duk wanda ya yanka kwali da ƙaramin mun ɓata ke nan. Reza, rula ta ƙarfe, allura da zare, ƙusa ta huda rami, dutsen guga na gawayi. Haruffa kuma Mama ta yanko mini su daga gwangwanin madara, ina ɗorawa a kan takarda mai launi ina bin gefensu. Kayan ado ba saya nake yi ba. Ragowar atamfa daga wurin tela, gashin zabo, da ɓawon karan dawa da ake tsagawa a goge da dutsen guga har ya yi sheƙi kamar zinariya.

Katin biki na wani gida a Danko shi ya koya mini gam. Gam ɗinmu ba na kanti ba ne, sitacin rogo ne, kuma da ruwan ganyen dogon yaro ake dama shi. Ranar na yi ƙiwar zuwa tsinko ganyen, na dama da ruwa zalla. Katin sun fito da kyau, na jera su a kwali na rufe. Bayan kwana uku na buɗe, kyankyasai sun bi duk inda gam yake sun cinye, sunan amarya ya zama ramuka. Mama ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "To, yanzu kin san dalilin ɗacin." Tun daga ranar ban sake damawa ba ganye ba.

Sai shanya, inda yawancin masu koyo ke faɗuwa. In kika sa kati a rana zai nannaɗe. In kika bar shi a inuwa da damina zai yi funfuna. Dabarar Mama ita ce allo biyu na silin. A shimfiɗa tsohuwar jarida, a jera kati, a sake rufewa da jarida, a ɗora ɗaya allon, a rataye su can sama dab da kwanon rufi. Zafin kwano zai busar da gam ba tare da rana ta taɓa katin ba, su sauko a miƙe. Ita da igiyar rama take rataye nata, igiyar ta bi ta kan katako ta sauko kan wata ƙusa a bango.

Da na yi aure na koma ɗakina, na ce ni ba zan yi da igiya ba. Ni mutum ce mai yawan tsoro, ko tukunya ce a kan murhu sai na koma na duba sau uku. Na ce igiya tana ruɓewa, wata rana allon zai faɗo wa yaro a ka. Mijina Ayuba, mai kabu-kabu ne, na sa shi ya ɗaure allon a jikin katakon rufi da waya. Ya gama zai sauko na ce ya ƙara.

"Mota za ki rataya a nan ne?" in ji shi.

"Ka dai ƙara."

Ya ƙara ninki na biyu ya murɗe da filaya. Daga nan sai na hau kujera in zare katin ta gefe, allon kuwa ba ya motsi.

Masu sayen kati iri-iri ne. Na Kirsimeti, na Sallah, na biki, na suna. Amma waɗanda suka riƙe ni da gaske matan sojoji ne. Kun san garin nan, da wuya ki shiga gida uku a jere ba ki ga hoton mai kaki a bango ba. Za ku ce ai akwai waya. Akwai. Amma inda ake kai mazansu a gabas, sai a yi wata ba sabis, wayar ma ta mutu ba wuta. Kati kuwa yana shiga aljihu. Mutum ya tafi ya bar matarsa da ciki, ta haihu, yaro ya fara zama bai gan shi ba. Sai uwar ta kawo mini jaririn in ɗauki sawun ƙafarsa a kan kati, in wani ya zo hutu zai koma a ba shi ya kai.

Ɗaukar sawu shi ne aikin da ya fi duka wuya, kuma shi ne kuke cewa wasa ne. Bular wanki ake kwaɓawa da kauri, a sa sitaci kaɗan don kada ta goge. Yaro sai ya ƙoshi ya fara lumshe ido. Jariri yana dunƙule yatsun ƙafa, in kika danna haka nan dunƙule kawai zai fito. Sai ki shafa bayan ƙafar da ɗan yatsa, zai buɗe su na ɗan lokaci kaɗan, a nan za ki sa diddige, ki mirgina zuwa yatsu, ki ɗaga tsaye. Sau ɗaya. In hannunki ya yi rawa, kwali ya tafi.

A shekarar da na haifi Alheri, Jummai ta kawo mini ɗanta Bitrus. Tare muka riƙa zuwa awo da ita, kwana tara ne tsakanin haihuwarmu. Mijinta soja ne, yana gabas tun cikin yana wata huɗu. Yaron ya yi mini daɗin aiki, ko motsi bai yi ba, sawun ya fito tsaf har da ƙananan layukan tafin ƙafa. Jummai ta ce in ajiye, akwai wani Kofur Yakubu na rukunin mijinta da zai zo hutu, in ya zo za ta karɓa.

Kwana goma bayan nan zazzaɓi ya kama Bitrus. Kwana biyu ya yi ya rasu.

Na je gaisuwa, ban yi maganar kati ba, ita ma ba ta yi ba. Sai da Kofur ya iso gari, ran Talata ta zo ɗakina. Ta ciro wani ɗan ƙyalle daga bakin zaninta, guntun rigar yaron ce.

"Maman Alheri, ki sa masa sunansa a ƙasa. Ki manna wannan a gefe. Asabar Kofur zai koma."

Na ce to. Ran Laraba da safe na yanka haruffa shida na manna, na yanki rabin ƙyallen na manna, ragowar na jefa a gwangwanin zare. Gam ɗanye ne, dole ya hau allo. Na sa shi tare da sauran katin matan da Kofur zai tafi da su, goma sha huɗu duka.

Farkon damina ne, ruwa ɗaya aka yi, mutane suna ta sharar gona. Ranar an yi zafin da ko ganye ba ya motsi. Bayan la'asar kaɗan na fito kwashe shanya, sai na ga kaji sun shige akurki da kansu, da sauran rana. Na duba gabas. Sama ta yi ja, a ƙarƙashin jan kuma baƙi ƙirin, yana tahowa kamar bango. Ban taɓa ganin hadari mai irin wannan launin ba. Sai na ji ƙara daga nesa, kamar manyan motoci da yawa sun taho a jere.

Ban gama cire zani na biyu daga igiya ba bokitin ƙarfe ya wuce ni yana gudu shi kaɗai. Na shiga ɗaki, ƙofa ta ƙi rufuwa, na sa kafaɗa na kasa. Na sake ta, na suri Alheri daga gado na shige ƙarƙashin teburin yanka, na kifa a kanta.

Abin da na fi tunawa shi ne kukan ƙusoshi. Ɗaya bayan ɗaya suke zarewa daga katako, kowace da ƙararta. Kusurwar rufin ta ɗaga, haske ya shigo, ta koma ta zauna. Ta sake ɗagawa. A karo na uku rufin gaba ɗaya ya tashi, kwano da katako da komai, kamar an buɗe murfin tukunya. Na leƙo daga ƙarƙashin tebur na ga sama a inda rufina yake. Na kuma ga allona. Yana manne a jikin katakon, wayar ta riƙe shi gam kamar yadda na ce a yi, yana tafiya tare da rufin ta kan gidan maƙwabta.

Sannan ruwa ya sauko a kanmu.

Da abin ya lafa na fito da yarinya a ƙirji, ban gane layinmu ba. Mangwaron bakin hanya, wanda kakanni suka sha inuwarsa, yana kwance, saiwarsa a sama ta fi tsayin mutum. Kwanon rufi ya naɗe jikin turken wuta kamar an ɗaura masa zani. Tankin ruwan wani gida yana tsakar gidan wani. Rumbu a kife, dawa a cikin taɓo. Wata akuya tana tsaye a kan katanga, ba wanda ya san yadda ta hau. Mutane sun fito sun tsaya cirko-cirko, ba mai kuka. Wani tsoho da ya yi yaƙi tun yana saurayi ya dafa sandarsa yana kallon inda ɗakinsa yake a da, ya ce shi dai bai taɓa gani ba. Washegari a rediyo aka ce masu auna iska ma ba su taɓa auna irinta a yankinmu ba.

Ayuba ya dawo a ƙafa yana tura babur, don itatuwa sun tare hanya. Ya duba ni, ya duba yarinya, ya ɗaga kai ya duba sama.

"Kuna lafiya?"

"Katin Bitrus yana kan allo," na ce.

"Rifkatu, ba mu da rufi."

"Na sani. Katin Bitrus yana kan allo."

Ran Alhamis da sassafe na goya Alheri na bi hanyar da iskar ta bi. Rufinmu a wata gona na same shi bayan unguwa, a kife, tafiyar da ta kai mutum ya gaji. Wayar tana nan a murɗe, ko sassautawa ba ta yi ba. Allon ne ya rabe biyu. Ba kati ko ɗaya, sai jarida jiƙaƙƙiya manne a jikin kwano. Na bi kunya-kunya, na duba cikin ƙaya, na duba rami. Duk farin abin da na hango sai na je, in tarar leda ce.

Da na dawo na tarar da Mama Tabita zaune a kan turmi a tsakar gidanmu. Da sanda ta tako daga Rikoto don ta duba ni. Nata rufin ma ya tafi rabi.

"Naki katin fa, Mama?"

"Suna cikin akwati. Da me kika ɗaure allonki?"

"Waya. Ninki biyu."

Ta daɗe tana kallona. "Shekara uku kina ɗakina. Ba ki taɓa ganin in hadari ya taso ina kwance igiya in sauke allo ba?"

"Na gani, Mama. Na ɗauka don yoyo ne."

"Yoyo," in ji ta. Ta juya kai ta kalli bangon da ba rufi. "Laifina ne. Na nuna miki, ban faɗa miki ba."

Daga tsakar rana sai kati suka fara dawowa da kansu. Mutanen gari sun san aikina. Wata mai itace ta kawo ɗaya da ta ciro daga ƙaya. Wani direba da ya taho ta hanyar Sakaba ya kawo ɗaya, ya ce a jikin gilashin motarsa ya manne. Wani dattijo ya yi sallama da guda biyu a hannu, ya ce, "Ɗiyata, wanga aiki naki na? Can bakin rafi munka tsince su." Duk wanda aka miƙo mini sai in juya in duba ƙasa in ga suna. Guda shida suka dawo, duk bular ta zube ta zama tabo. Babu na Bitrus.

Sauran ba su dame ni ba, don masu ƙafafun suna nan. Na aika wa matan, suka zo da 'ya'yansu, muka zauna a barandar maƙwabciya da iska ta bar wa rufi. Kwalin da ke cikin akwatin ƙarfe bai jiƙe ba. Na kwaɓa bula na fara ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Kowace da labarin abin da iska ta ɗauke mata, amma sai da suka sami abin tsokana.

"Maman Alheri, katinki ya riga Kofur tafiya. Ƙila ma ya isa."

"Nawa in ya isa, Allah ya sa ya faɗa a kan uban, ya tuna yana da gida."

Suna dariya ina dariya, hannuna yana aiki. Ba wadda ta ambaci Jummai. Duk sun sani.

Da yamma Ayuba yana kan bango yana ɗaura tamfol, na faɗa masa ban san da bakin da zan gaya wa Jummai ba. Ya ci gaba da jan igiya, sannan ya ce, "Kwana nawa ne tsakaninsa da Alheri?"

"Tara."

"To?"

"To me?"

"Ƙafar jariri ai ƙafar jariri ce. Uban bai taɓa ganinsa ba. Ki bar matar nan ta samu abin da za ta aika."

Na ce Allah ya kiyaye in sa ƙafar 'yata a kan sunan wanda ya rasu. Ya ce shi dai ya faɗi nasa.

Ran Juma'a da safe na yi. Ba wanda ya tilasta mini. Na buɗe gwangwanin zare na ga ragowar ƙyallen rigar, sai na ga komai yana nan, ƙafa kawai ta rage. Na ba Alheri nono har ta lumshe ido, na shafa mata bula, na shafa bayan ƙafar ta buɗe yatsu, na danna. Ya fito da kyau. Na yanka haruffa shida na manna a ƙasa, ragowar ƙyallen kuma a gefe. Sannan na wanke ƙafar yarinyar da sabulu sau uku, har ta yi kuka, shuɗin bai gama fita daga gefen farce ba.

Da rana na tafi gidan surukan Jummai, inda take zaune. Su ma ɗaki biyu iska ta buɗe musu. Na same ta a tsakar gida tana juya katifa a rana, kaya a baje ko'ina. Muka gaisa, muka yi wa juna jaje. Na miƙa mata katin a cikin leda.

Ta goge hannu a zani ta karɓa. Ta zauna a bakin katifar ta buɗe. Ina tsaye, ina jin Alheri tana motsi a bayana. Jummai ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa ta taɓa ƙyallen, ta bi haruffan, ta zo kan sawun ta tsaya.

"An ce rufinki ya tafi da katin mutane," in ji ta.

"Wasu sun dawo."

"Juyo in ga yarinyar."

Ban juya ba. Ta tashi da kanta ta zagayo bayana, ta kama ƙafar Alheri da ke leƙowa daga zani. Ta ga shuɗin a gefen farce. Ta koma ta zauna.

"Babban yatsansa a ware yake," ta ce. "Kamar na ubansa. Akwai fili tsakaninsa da na biyun, har ɗan yatsana yana shiga in ina masa wanka. Ranar da aka samu sabis na faɗa wa uban a waya, ya yi ta dariya, ya ce to wannan ba gardama nasa ne. Abin da zai fara dubawa ke nan in ya buɗe."

Ni da na ɗauki sawun da hannuna, ni da nake cewa ba abin da ke wuce idona, ban lura da wannan ba. Diddige da layi nake kallo, ko bula ta kama. Na durƙusa a gabanta na faɗa mata komai, da wayar, da gonar, da shidan da suka dawo. Na ce ta yafe mini.

"Tashi, ƙasa a jiƙe take," in ji ta. Ta miƙo mini katin. "Ki cire sunan. Ki ajiye wa 'yarki abinta, ba kyau ƙafarta ta zauna a nan."

Na karɓa. Na ce zan ci gaba da nema, ƙila wani ya tsinta.

"An yi ruwa a kansa kwana biyu, Maman Alheri. Kin ga yadda sauran suka dawo."

Can ta ce, "Kina da kwali a jakar nan?"

Ina da shi, da ƙaramin almakashi, da ɗan gam a kwalba. Ba na fita ba su.

Ta shiga ɗakin da ya rage ta fito da zanin goyo. Ta nemi bakinsa ta zaro zare ɗaya dogo. Sannan ta buɗe tafin hannunta na hagu ta ɗora zaren a kai.

"In na riƙe ƙafar, diddigen a nan yake zama." Ta nuna gindin tafin hannun. "Yatsun su tsaya a nan." Ta nuna layin sama, ƙasa da yatsunta kaɗan. "Yanka."

Na yanka. Ta sake gwadawa a hannun, ta ce ya ɗan yi tsawo, na rage kamar ƙwayar shinkafa. Ta ce yanzu ya yi.

Na nemo hanyar kwalin na ninke a kan gwiwata, ba rula, ba kwalbar murzawa. Na ja gam siriri na kwantar da zaren a tsakiya. Na ɓamɓare ƙyallen daga wancan katin na mayar nan, da haruffan, ɗaya-ɗaya da bakin almakashi. Ba allo, ba lokacin jira, sai surukarta ta hura mana gawayi a dutsen guga, na ɗora takarda a kai na danna a hankali har gam ya kama. Mama Tabita ta hana ni yin haka tun ina koyo, don kwali yana ɗan kumbura. Ya kumbura kaɗan a gefe. Jummai ta ce a bar shi.

Ran Asabar da safe muka haɗu a tasha. Matan duk sun zo, kowace da katinta da ƙullin yaji ko ƙuli-ƙuli. Kofur Yakubu yana karɓa yana zubawa a jaka yana tsokanarsu, wai shi soja ne ko ɗan aike, wai duk wadda ba ta sa nasa ƙulin ba katinta a hanya zai kwana. Jummai ce ta ƙarshe. Ya san abin da ya same ta, ya daina dariya ya karɓa da hannu biyu. Ba a manne bakin ledar ba, katin ya ɗan zamo, ya buɗe don ya gyara. Ya ga zare.

"Madam, ba sawu a nan."

"Iska ta tafi da shi. Ka ce masa ya ɗora a tafin hannunsa. Iyakar ƙafar ke nan."

Kofur ya kalli zaren. Ya miƙa yatsansa na tsakiya ya jera a gefe, zaren bai kai ƙarshen yatsan ba. Direba yana ta danna oda, ana kiransa ya shigo. Ya rufe katin, ya buɗe maɓallin aljihun ƙirjinsa ya sa shi a ciki, ya mayar da maɓallin.